BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: MAGANA A KAN ADDU'A CIKIN GIDA

(Jawabin da dattawan ikkilisiya suka gabatar a taron ƙungiya na bayan kaka. An buga shi nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba, da 'yan'uwanmu da ke wurin cin rani.)

  Mun gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan damina da rai da lafiya. Wanda rumbunsa ya cika da wanda nasa bai cika ba, dukanmu ga mu zaune a tabarma ɗaya.

An ba mu dama mu yi magana a kan addu'a. Ba za mu tsaya a kan addu'ar da a ke yi a majami'a ran Lahadi ba, domin wannan kowa ya san ta, kuma akwai mai bi da mu cikinta. Maganarmu a kan sauran kwana shida ne, watau addu'ar da mutum ke yi shi kaɗai, da wadda mai gida ke yi tare da iyalinsa. Tun daga fari muna so ku sani ba mu zo da wannan magana domin mun fi kowa ba. Mu ma da ke tsaye gabanku akwai laifi a wuyanmu, za mu kuwa faɗe shi.

1. ABIN DA YA SA MUKA ƊAUKO MAGANAR

Jama'a, sau biyu cikin 'yan shekarun nan Allah ya bari aka auna mu.

Na fari shi ne watan Janairu na 1915 in an ƙara shekara ɗari, watau 2015. Ran Juma'a 16 ga wata aka yi tarzoma a Damagaram saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga can ƙasar Faransa, kashegari Asabar abin ya kai Yamai. Aka ƙone majami'u da yawa, aka yi hasarar rayuka, waɗansu 'yan'uwanmu na Damagaram suka fake a barikin soja. Ba za mu manta ba kuma cewa akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista cikin ɗakunansu, Allah ya saka musu da alheri. Ko inda wuta ba ta kai ba, tsoro ya kai. Ran Lahadin da ta biyo baya, mutane da dama ba su iya fita zuwa sujada ba.

Na biyu shi ne shekarar 2020, lokacin annobar korona. Gwamnati ta rufe masallatai da majami'u cikin watan Maris, ba a buɗe ba sai cikin watan Mayu. Har Ista ta wannan shekara, ran 12 ga Afrilu, a gida ta same mu.

Bayan an buɗe, muka riƙa zagayawa gida gida muna gaisuwa, muna tambaya, "Yaya kuka yi da sujada cikin makonnin nan?" A waɗansu gidaje muka ji abin da ya faranta mana rai. Amma a gidaje da dama sai mai gida ya sunkuyar da kai. Wani dattijo, wanda ya fi shekara talatin da yin baftisma, ya faɗa mana gaskiya. Ya ce ya tara iyalinsa ran Lahadi ta fari, ya buɗe Littafi, sai ya rasa ta inda zai fara, yara kuwa suna ta dubansa kamar baƙo, domin ba su taɓa jin muryarsa cikin addu'a ba sai ta kan abinci. Ya ce kunya ta kama shi, daga ranar bai sake tara su ba.

Ba mu ambaci wannan don a yi masa dariya ba. Ya fi mu gaskiya ne kawai. Da muka dubi namu gidajen, muka tarar waɗansunmu mun fi yin addu'a a gidajen mutane bisa ga namu. Mu kan tafi jana'iza, mu tafi suna, mu tafi duba mara lafiya, mu dawo a gajiye mu kwanta, 'ya'yanmu ba su ji komai daga bakinmu ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka rufe majami'a ba ita ce ranar koyon addu'a ba. Ginin majami'a ana iya rufe shi, ana iya ƙone shi. Fasto yana iya yin tafiya, yana iya kwanta ciwo. Abin da zai rage a ranar shi ne abin da aka riga aka saba yi cikin gida.

2. YADDA IYAYENMU SUKA FARA

Mu tuna da asalinmu. Masu aikin mishan na SIM sun zauna a Damagaram a 1924, daga baya suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, aikin kuma ya iso har nan ƙasar Dungas. A farkon shekarun 1960, bayan samun mulkin kai, ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka tsaya da ƙafafunsu ƙarƙashin sunan EERN. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa tun 1932, bisa ga wahalar Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa.

To, masu bi na fari a ƙauyukan nan ba su da gini mai rufin kwano, ba su da benci, ba su da lasifika. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko gida ɗaya cikin gari duka. A zaure su ke taruwa, ko gindin itace, ko cikin ɗaki da fitilar kwai. Wanda ya iya karatu ya karanta, sauran su haddace. Mai rediyo ya kamo tashar ELWA ta ƙasar Laberiya, ko Muryar Bishara, a kewaye shi a saurara. Sun sha gori, waɗansu dangi sun juya musu baya, waɗansu sun rasa matan aure. Abin da ya riƙe su shi ne sun san hanyar zuwa gaban Allah da kansu.

Haka kuma aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya tashi a arewacin Nijeriya cikin 1963 da 1964, bai fara da manyan taruka ba. Da ƙananan ƙungiyoyin addu'a ya fara, mutum kaɗan kaɗan cikin gidaje, sa'an nan aka fita wa'azi.

Yau mun fi su gini, mun fi su littattafai, har cikin wayar salula akwai Littafi. Amma har yanzu mu 'yan kaɗan ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Yaronmu in ya shiga aji, galibi shi kaɗai ne. In bai koyi bangaskiyarsa a gida ba, ina zai koye ta? Sa'a biyu ta ran Lahadi ba za ta ishe shi ba.

Mu dubi maƙwabtanmu da danginmu Musulmi, waɗanda mu ke cin kasuwa ɗaya, mu ke shan rijiya ɗaya da su. Tun asuba su ke tashi, ko da sanyin hunturu. Mutum na tsakiyar ciniki, lokaci ya yi, ya bar kaya ya tafi salla. Yaro tun yana ƙarami ya ke bin ubansa. Hanyarmu dabam ce da tasu, amma wannan riƙon lokaci abin koyi ne, ya kamata ya ba mu kunya.

3. ABIN DA LITTAFI YA NUNA MANA

Muna roƙo ku rubuta wuraren nan, ku duba su da kanku a gida.

Maimaitawar Shari'a 6:6-7. A nan iyaye aka ɗora wa koyar da 'ya'ya maganar Allah, cikin zaman gida da tafiyar hanya, dare da safe. Ba a ce a bar wa malamin Lahadi ba.

Ayuba 1:5. Ayuba ya kan yi sammako ya miƙa hadaya saboda 'ya'yansa ɗaya ɗaya, ko da ya ke sun girma suna da gidajensu.

Daniyel sura 6. Sa'ad da sarki ya sa hannu a dokar hana addu'a, Daniyel bai ƙirƙiro wani sabon abu ba. Ya ci gaba ne da abin da ya saba, sau uku a yini. Gorarsa a fafe ta ke tun kafin ranar tafiya.

Markus 1:35. Ubangiji da kansa ya tashi tun da sauran duhu, ya nemi wurin da ba kowa domin addu'a, bayan ya yini yana warkar da mutane. In shi ya bukaci haka, ina mu?

Ayyukan Manzanni sura 12. Daren da Bitrus ya fito daga kurkuku, gidan Maryamu uwar Yohanna Markus ya nufa, domin ya san a can zai tarar ana addu'a. Wata yarinya mai aiki, Roda, ita ta fara gane muryarsa. Ashe har yara da barori suna cikin taron.

2 Timoti 1:5. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa da uwarsa ta biyo. Ubansa Baheleni ne. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan da kyau.

4. ADDU'AR MUTUM SHI KAƊAI

Ba wanda zai ɗebo ruwa daga busasshiyar rijiya. Mai gida ko uwar gida da ba su da tasu addu'a ba za su daɗe suna bi da ta iyali ba. Saboda haka mu fara da kanmu.

Na ɗaya, a sa lokaci. Wanda ya ce sai ya sami sarari, ba zai samu ba. Ga yawancinmu asuba ta fi, kafin yara su tashi, kafin a kunce dabbobi.

Na biyu, a sa wuri. Matiyu 6:6 ya yi maganar shiga ɗaki a rufe ƙofa. Mun san da yawa cikinmu ɗaki ɗaya mu ke kwana da yara biyar ko shida. To, akwai bayan rumbu, akwai gindin gawo a gona, akwai hanyar rijiya. Wata tsohuwa cikinmu ta ce ita wurin daka ne ɗakinta: kowane ɗa tana da lokacin da ta ke ambatarsa, tun daga surfe har ribɗi.

Na uku, a yi magana da Allah da Hausar da mu ke yi kullum. Ba ya bukatar manyan kalmomi, ba ya bukatar Faransanci. A fara da yabo da godiya, a faɗi zunubi da sunansa, a roƙa wa waɗansu, sa'an nan a roƙa wa kai. A kuma yi shiru kaɗan. Wanda ya je gaban sarki ya yi ta zuba ya tashi bai saurari amsa ba, bai san fada ba.

Na huɗu, kada a fid da zuciya in an ji kamar addu'a ba ta wuce rufin ɗaki. Kowane mai bi ya san irin wannan rani. Manomi ya kan yi binne tun ruwa bai sauka ba.

5. ADDU'AR IYALI

Ga shawarar da muka yanke, mun kuwa gwada ta cikin gidajenmu kafin mu kawo muku.

Lokaci: da an gama tuwon dare, kafin kowa ya watse hira. Da damina, in gajiya ta yi yawa, a mai da ita da safe kafin a ɗauki hauya.

Tsawo: minti goma sha biyar ya isa. Mai gida, kada ka mai da ita wa'azi. In ka yi sa'a guda yau, gobe ba za ka ga kowa ba. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Tsari: (a) waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, wadda yara suka sani, (b) karatu gajere, aya goma ko ƙasa da haka, (c) tambaya ɗaya: me wannan ya nuna mana game da Allah, me kuma za mu yi gobe saboda shi? (d) mutum biyu ko uku su yi addu'a, ana juyawa kowace rana, har da ƙananan yara. (E) a rufe da Addu'ar Ubangiji gaba ɗaya.

Abin karantawa: a fara da Markus, sura 16 ce kawai, labari ne kuma da yaro zai bi. In an gama a shiga Luka. Karin Magana sura 31 ce, ta dace da kwanakin wata. Zabura 150 ce, akwai ta murna, akwai ta kuka, akwai ta tsoro.

Don kada addu'armu ta tsaya kan ciki da aljihu kaɗai, ga yadda za a raba mako:

Litinin: mutanen gidan, kowa da sunansa.
Talata: waɗanda ke wurin cin rani da 'yan makaranta da ke nesa.
Laraba: ikkilisiya, Fasto, masu bishara da iyalansu.
Alhamis: maƙwabta da dangi, har da waɗanda suka ɓata mana rai (Matiyu 5:44).
Juma'a: sarakuna, masu gari, mahukunta, sojoji, da zaman lafiyar ƙasa (1 Timoti 2:1-2, Irmiya 29:7).
Asabar: marasa lafiya, gwauraye, marayu, masu juna biyu.
Lahadi: godiya kawai, ba roƙo.

6. UZURORIN DA MU KAN KAWO

"Ban iya karatu ba." Ɗanka ko jikarka da ke makarantar boko su karanta, kai ka bi da addu'a. Ba raini a ciki, girma ne ga yaron. Akwai kuma Littafi na saurare da a ke sawa cikin waya. Iyayenmu da ba su san baƙi ba sun haddace surori.

"Mai gida ba ya nan." Wannan ita ce babbar matsalarmu. Da an ɗaure dami, maza sun kama hanyar Kano, Legas, waɗansu har Libiya da Aljeriya. Wani ga-ruwa, wani kabu-kabu, wani gadi. Wata biyar ko shida gida na hannun mace. Uwar gida, kada ki ce sai ya dawo. Ki tara 'ya'yanki. Ku kuma masu tafiya, ku yanka sa'a ɗaya da iyalinku kafin ku tashi, domin ko kana Kano suna nan, ku durƙusa lokaci guda. Ka sa Sabon Alkawari cikin jakarka, ka nemi majami'a a makon farko da ka sauka. Mun ga yadda iyaka ta kan rufu a raba mutum da gidansa: an yi haka a 1984, shekarar yunwar da a ke kira El-Buhari, an yi a 2019, an sake yi a 2023. Mun kuma tuna da mutum 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe cikin hamada a hanyar Aljeriya a watan Oktoba na 2013. Hanyar neman abinci ba wasa ba ce. Kada wani ya fita gida ba a sa shi hannun Allah ba.

"Ni kaɗai ne mai bi a gidanmu." Kada ka tada husuma, kada ki raina miji ko iyaye. A yi addu'a a natse, a nuna bangaskiya da hali. Muna roƙon gidajen masu bi da ke kusa su buɗe ƙofa ga irin waɗannan 'yan'uwa, ko sau ɗaya a mako. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

"Mun yi faɗa da matata." To, a nan ne amfanin abin ya ke. Da wuya mutum ya durƙusa kusa da wadda ya zaga da rana bai nemi gafara ba. 1 Bitrus 3:7 ya gargaɗi maza cewa rashin girmama mace yana toshe addu'a. Gidan da ke addu'a kowane dare, fushi ba ya kwana uku cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Yara sun fi son waya." Wa ya saya musu? Wa su ke gani da ita a hannu? A tara wayoyi duka cikin ƙwarya ɗaya, a fara da ta mai gida, har a ce amin.

7. GARGAƊI BIYU

Na fari, addu'a ba laya ba ce, ba kuwa madadin aiki ba. Kowa ya san yadda zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kama yara a ƙasar nan daga tsakiyar damina zuwa kaka. In yaro ya yi zafi, a yi addu'a, a kuma ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kada a jira kwana uku. A roƙi ruwa, a kuma kai taki gona. Mu yi hankali kuma da masu yawo suna sayar da addu'a da mai da ruwa a kwalba. Ba a sayen alherin Allah da kuɗi.

Na biyu, kada addu'ar gida ta zama dalilin ƙin zuwa majami'a. Garwashi in an ware shi daga murhu, mutuwa ya ke yi. Gida da majami'a kamar ƙafa biyu ne.

8. ABIN DA MU KE ROƘO

Ba mu roƙi kuɗi ba yau, ba mu roƙi dami ba. Abu uku mu ke roƙo.

Ɗaya: kowane gida ya fara yau da dare, ba gobe ba. Ko an ji nauyi, ko yara sun yi dariya, a daure. Da rarrafe yaro kan tashi.

Biyu: gidaje uku uku da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, ana juya gida, domin mai ƙarfi ya tallafi mara ƙarfi.

Uku: gidan da ba shi da Littafi ko Littafin Waƙoƙi ya gaya wa magatakarda bayan taro, ba kunya a ciki. Matan Zumunta da samari sun yarda su taimaka wa waɗanda ke son koyon karatu da rani.

Mu dattawa kuma mun ɗauki alkawari gabanku: za mu fara da namu gidajen, za mu kuma zagayo kafin shuka, ba don bincike ba, sai don mu zauna mu yi addu'a tare da ku. Kuna da izini ku tambaye mu mu ma.

Dattijon nan da muka ambata da fari ya ce mu gaya muku ya sake tara iyalinsa. Jikarsa ce ke karatu, shi ya ke rufewa. Ya ce makon fari da ƙyar, yanzu kuwa in ya yi jinkiri wurin hira, yara ne ke zuwa kiransa.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ba mu san abin da gobe za ta kawo wa ƙasar nan ba, amma mun san wanda ke riƙe da gobe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Alherin Ubangiji Yesu ya zauna tare da gidajenku duka. Amin.